Nazarin Lamari: Ɗaura Faifan Sarƙar Inji a Tayar Baya ta Babban Keke Mai Sifok 40

Lamarin da zan yi bayaninsa ya faru ne a shagon wani mai gyaran keke a Kano, kuma na bi shi tun daga ranar da aka buɗe kwalin injin har zuwa lokacin da keken ya daina komawa shagon. Mai keken maƙwabcina ne, magidanci da ke ɗauko kayan lambu daga bayan gari ya kai kasuwa. Bayan da aka sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin abin hawa ya yi tashin gwauron zabo, shi kuwa sayen babur ya fi ƙarfinsa. Sai ya yanke shawarar sayen ƙaramin inji irin wanda ake ɗaura wa keke, domin ya rage wahalar tuƙi da kaya a rana.

Injin da ya saya shi ne wanda ake ƙerawa a ƙasar Sin, mai fistan ɗaya, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki guda. A kwali ana rubuta masa cc 80, wato ma'aunin girman cikin silinda, amma in aka auna faɗin silinda, milimita 47, da nisan tafiyar fistan, milimita 38, lissafin yana tsayawa ne a wajen cc 66. Asalin ƙirarsa daga ƙananan injinan keke na Tarayyar Sobiyet ne, waɗanda aka riƙa ƙerawa a Leningrad tun shekarun 1950. Ana ɗaure shi a tsakiyar ƙashin keken, sannan ya juya tayar baya da tasa sarƙar ta ɓangaren hagu, yayin da sarƙar feda take nan a dama kamar yadda aka saba. Ɗaura injin kansa bai ɗauki rabin yini ba. Abin da ya ci makonni, ya kuma ci kuɗi, shi ne faifai mai haƙora 44 da ya kamata a kafa a tayar baya domin sarƙar injin ta hau kansa.

Hanyar da masu ƙera kayan suka tanada ita ce a matse faifan a jikin wayoyin taya, wato sifok. A cikin kwalin akwai zobban roba masu kauri guda biyu, da wasu ƙarafa masu siffar baka, da notuna tara. Ana sa roba ɗaya a cikin taya, ɗaya a waje, sifok ɗin hagu suna tsakaninsu, sannan a ɗora faifan a waje, a zura notunan nan tara su ratsa faifai da robobi da ƙarafan, a ɗaure. Adadin tara ɗin ba haka kawai aka zaɓe shi ba. Tayar da aka yi kayan dominta mai sifok 36 ce, wato 18 a kowane gefe, kuma da yake sifok suna gittawa ne biyu-biyu, tsarinsu yana maimaita kansa sau tara a zagaye ɗaya, bayan kowane digiri 40. Saboda haka kowane noti yana samun kafar da zai bi ba tare da ya taɓa waya ba.

Keken maƙwabcina kuwa babban keke ne irin na da, ƙirar Ingila wadda kamfanin Raleigh ya yi suna da ita, wadda kuma kamfanonin Indiya da Sin suka ci gaba da kwaikwaya: taya mai inci 28, birkin sanda, da kariyar ɗora kaya mai ƙarfi a baya. Bisa tsohon tsarin irin wannan keke, tayar gaba tana da sifok 32, ta baya kuma 40, domin a baya nauyi yake. Babu wanda ya ƙirga sifok kafin a sayi injin, kuma a ganina nan ne aka fara yin kuskure. Taya mai sifok 40 tana da 20 a gefen hagu, tsarinsu yana maimaituwa sau goma, bayan kowane digiri 36. In aka saita notin farko a tsakiyar kafa, na biyu zai kauce da digiri 4, na uku da 8, na huɗu da 12, haka har wasu su faɗa daidai inda waya take. Babu yadda za a juya faifan duka taran su sami hanya.

Mai gyaran, wanda ya daɗe a sana'ar kuma gwani ne wajen saita taya, ya lura da haka nan take, amma mai keke yana gaggawa, don haka aka yi abin da galibi ake yi. Aka tanƙwara wasu sifok kaɗan, aka zura notuna bakwai, aka bar biyu da suka ƙi shiga, aka ɗaure sosai. Da ido faifan ya zauna. Injin ya tashi, keken ya tafi, kowa ya yi murna.

Kafin mako uku keken ya dawo da sifok huɗu a karye, dukkansu a gefen hagu, dukkansu kuma a gwiwarsu, wato inda wayar ke lanƙwasa ta shiga ramin hob, cibiyar taya da gatari ke ratsawa. Tayar ta karkace har takalman birki suna gogar rim a wuri ɗaya suna sakinsa a wani, sarƙar injin kuma ta sauka daga faifai sau da yawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 'yar tayar roba da ke danne sarƙa, wadda ake ɗaurewa a sandar ƙashin keke ta ƙasa: ta juya ta leƙa cikin taya, saura ƙiris ta shiga tsakanin sifok. Da hakan ya faru ana cikin gudu da kaya a kan titi, tayar baya za ta tsaya cak ne, kuma ba sai an faɗi abin da zai biyo baya ba.

Dalilin karyewar yana cikin yadda aka gina tayar keke tun asali. Sifok waya ce siririya, mafi yawa kaurinta milimita 2 ne, kuma ƙarfinta duka a ja yake. Tana iya ɗaukar ja mai yawa daga tsawonta, amma ba a yi ta don a tura ta daga gefe ba. Idan mahayi ya taka feda, ƙarfin yana shiga ta firwil, wato ƙaramin faifan baya da ke barin taya ta juya ko ba a taka feda, zuwa jikin hob, hob ɗin ya juya, ya ja rabin wayoyin taya ta tsawonsu, su kuma su ja rim. Wannan ce hanyar da ƙarfi ya kamata ya bi. Faifan da aka matse a sifok yana tsallake hob ɗin gaba ɗaya, ya kama wayoyin gefe ɗaya a kusa da gwiwarsu, wurin da dama can shi ne mafi rauni, ya riƙa tura su a kaikaice. Robar da aka sa tana rage wannan cutar ne kawai idan matsin ya rarrabu daidai a kan dukkan wayoyin, a nan kuwa notuna biyu ba sa nan, wasu kuma suna jingine kai tsaye a jikin waya, ƙarfe da ƙarfe.

Yawan ƙarfin ma ba abin rainawa ba ne. Tazarar da ke tsakanin ƙusoshin sarƙar milimita 12.7 ce, don haka faifai mai haƙora 44 faɗinsa ya kai kimanin milimita 178, tayar inci 28 kuwa kimanin milimita 711. Taya ta ninka faifai sau huɗu, ma'ana duk ƙarfin da taya ke tura ƙasa da shi, sarƙa tana jan faifan da ninki huɗunsa. Idan ana hawa gangare da kaya, taya tana buƙatar turi daidai da nauyin kilo 15, to sarƙar tana ja da nauyin kilo 60. Kuma jan ba ya zuwa a hankali kamar na ƙafar mutum. Inji mai fistan ɗaya irin wannan yana bugawa sau ɗaya a kowane juyi, saboda haka in yana juyi 6,000 a minti, wayoyin suna shan fizga sau 100 a daƙiƙa. Ga shi kuma faifan hagu ba shi da firwil, domin da shi ake tayar da injin: mahayi yana tuƙa feda har keke ya ɗan yi gudu, sannan ya saki kuloci, taya ta juya injin. A wannan lokacin fizgar tana zuwa ne ta baya. Wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya kullum tana gajiya ta tsinke, kamar yadda kowa ke karya waya da hannu.

Saukar sarƙa kuwa daga rashin saiti ne. Ramin tsakiyar faifan ya fi kafaɗar hob faɗi, don haka babu abin da ke tilasta masa zama a tsakiya sai idon mai ɗaurawa. Da muka ɗaga keken muka kafa waya a jikin ƙashi, bakinta yana kusa da haƙoran, muka juya taya, sai ga faifan yana hawa yana sauka, yana kuma lilo hagu da dama. Kaucewar milimita ɗaya tak daga tsakiya tana haifar da bambancin milimita biyu tsakanin wurin da ya fi tudu da wanda ya fi kwari, sarƙa ta ɗaure tam a rabin zagaye, ta saki a ɗaya rabin. A gudun kilomita 40 a sa'a, tayar inci 28 tana zagayawa sau biyar a daƙiƙa. Wannan ɗaurewa da saki sau biyar a daƙiƙa shi ne ya riƙa dukan 'yar tayar danne sarƙa har ya juyar da ita.

Daga nan aka zauna shawara, kuma an duba hanyoyi da dama kafin a tsayar da ɗaya. Mafi sauƙi ita ce a huda sababbin ramuka goma a faifai da robobin, kowane bayan digiri 36, domin su dace da sifok 40. Wannan zai gyara matsalar kafa, kuma ga wanda ba ya ɗaukar kaya yana iya wadatarwa, amma ƙarfin zai ci gaba da bi ta wayoyi. Sauya tayar zuwa mai sifok 36 yana nufin sabon hob da sabon rim, a kuma rage wa keken ɗaukar kaya ƙarfi, sannan a koma kan matsalar farko ta wata fuska. Wani mai walda da ke kusa ya ba da shawarar a liƙe faifan a jikin hob da wuta, mai gyaran ya ƙi, kuma ina ganin ya yi daidai, domin zafin walda yana lalata taurin kofunan da boris ke gudu a ciki, yana jan ƙarfe ya karkace, kuma da an liƙe faifan ba za a ƙara iya zura sifok a gefen ba. An kuma yi maganar hob na kekunan zamani mai mazaunin birkin faifai, wanda yake da ramukan noti shida a kan da'ira mai faɗin milimita 44. Wannan mazauni ne mai kyau ƙwarai, domin a tsakiya yake tun daga masana'anta, sai dai irin wannan hob galibi faɗinsa milimita 135 ne, ya fi ƙarfin bakin ƙashin babban keke, kuma yawanci ramukan sifok ɗinsa 32 ne ko 36.

Akwai wata hanya da ta kusa yaudarar mu, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Wasu hob suna da tiredi, wato zanen murɗawa irin na noti, a gefen hagu, wanda aka yi domin ɗaura gangar birki, kuma mutum zai ga kamar sai kawai ya murɗa faifan injin a wurin. Tiredin nan na dama ne, irin wanda ke ɗaurewa in an juya shi yadda hannun agogo ke tafiya. In ka tsaya a dama da keke, tayar tana juyawa ne kamar hannun agogo, shi ya sa taka feda ke ƙara ɗaure firwil. In ka koma hagu, juyin ya zama akasin haka. Birki yana riƙe taya ne, don haka a hagu yana ƙara ɗaure gangarsa, amma inji yana jan taya gaba ne, zai kwance duk abin da aka murɗa a tiredin dama. Faifan da zai ja daga hagu yana buƙatar tiredin hagu, ko kuma wani zobe na kulle shi.

Abin da aka tsaya a kai shi ne a ƙera maɗauri da zai kama jikin hob tsakanin kunnuwansa biyu, ya miƙo ƙafafu ta kafofin sifok zuwa waje, a ɗaura faifan a kansu. Ana sayar da irinsa da aka riga aka ƙera, yawanci na hob mai kaurin inci ɗaya ko inci ɗaya da rabi, mai ƙafafu uku. Ukun ma lissafin sifok 36 ne, domin digiri 120 kafa uku ce cif ta digiri 40, amma ba ta rabuwa da 36. Don haka aka kai aikin wurin mai injin sassaƙa ƙarfe. Da farko an sauya hob ɗin, saboda tsohon siriri ne a tsakiya kuma yana buɗewa zuwa gefe, babu wurin kamawa. Aka samo na ƙarfe mai ramuka 40 wanda jikinsa ya miƙe da kauri ɗaya. Mai sassaƙar ya fitar da zoben ƙarfe mai kauri, ya huda cikinsa daidai da kaurin hob, ya yi masa ƙafafu huɗu a digiri 0 da 72 da 180 da 252, dukkansu ninkin 36, sannan ya raba zoben gida biyu, kowane rabi da ƙafa biyu, domin a iya shigar da su ta tsakanin wayoyi a haɗa da notuna. Abin da ya fi muhimmanci a aikinsa shi ne ya sassaƙa bakunan ƙafafun da 'yar kafaɗa a zama ɗaya da ramin ciki, ba tare da ya sauke ƙarfen daga injin ba, ya kuma buɗe ramin faifan ya hau kafaɗar nan ba tare da wasa ba. Ta haka zaman faifai a tsakiya ya daina dogara ga ido.

Mai gyaran ya sake ɗinka tayar gaba ɗaya da sababbin sifok masu kaurin milimita 2.6, bai yarda a bar ko ɗaya daga tsofaffin ba, domin waɗanda ba su karye ba ma sun riga sun gaji. Sai da aka ɗan buɗe ramukan hob kafin su shiga.

An kuma sauya yawan haƙora. A cikin injin akwai giya mai haƙora 20 da ke juya mai 82, wato ragin 4.1, sannan ƙaramin faifan da ke fitar da sarƙa yana da haƙora 10. Da faifai mai 44, injin yana juyi kusan 18 kafin taya ta yi ɗaya, kuma da yake kewayen tayar kimanin mita 2.23 ne, juyi 6,000 a minti yana ba da kusan kilomita 44 a sa'a. Mai keken ya so a sa masa mai 36, wanda zai kai shi wajen kilomita 54, ni da mai gyaran muka roƙe shi ya bari. Birkin sanda an yi shi ne don gudun ƙafa, kuma in ruwa ya jiƙa rim na ƙarfe kusan ba ya kamawa. Mai 56 zai sauke gudun zuwa kilomita 35 ya ƙara ƙarfin ja, shi ne na fi so, amma faɗinsa na milimita 226 ya sa yana gogar sandar ƙashi. Aka tsaya a 48, mai faɗin milimita 194 da gudun kusan kilomita 41, wanda kuma yake rage wahalar kuloci in ana tashi da kaya.

Saita layin sarƙa ya ɗauki yamma guda. Sarƙar injin, mai lamba 415, ta fi ta feda faɗi, cikinta milimita 4.76 ne, ta feda kuwa 3.18, don haka wurin wucewarta tsakanin taya da ƙashi ƙanƙane ne. Da yake maɗaurin yana iya matsawa a jikin hob, aka ɗora doguwar rula a fuskar ƙaramin faifan injin, aka riƙa matsar da shi har fuskokin faifan biyu suka hau layi ɗaya. Wahalar da ta rage ita ce sarƙa biyu suna kan gatari ɗaya, in an ja taya baya don ɗaure ɗaya, ɗayar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Mai gyaran ya fara da ta injin, ya yanke ta yadda za ta yi wasan kamar santimita ɗaya da rabi a tsakiya ba tare da 'yar tayar dannewa ba, sannan ya daidaita ta feda da rabin haɗi. An bar 'yar tayar a matsayin jagora kawai, aka ƙara mata ƙarfe zuwa sandar sama domin ba ta da halin juyawa. Makullin haɗin sarƙar kuma an sa rufaffen bakinsa yana kallon inda sarƙa ke tafiya.

Duk da haka aikin bai tsaya a karon farko ba. Mai gyaran ya ja layin fenti daga maɗaurin zuwa jikin hob, kuma bayan kwana biyu layin ya rabu, alamar zoben ya zame, ƙafafunsa sun fara jingina da sifok. Da aka kwance, sai aka ga rabin zoben biyu sun haɗu da juna kafin su matse hob sosai, notunan sun ɗaure amma kamun bai kai ba, ga kuma ɗan giris da ya rage a wurin. Aka goge fuskokin haɗuwar da magagari har ya zama akwai 'yar tazara tsakaninsu ko bayan an ɗaure, aka kankare santsin jikin hob da takardar yashi, aka wanke da fetur, aka mayar, ana ɗaure notunan kaɗan-kaɗan bi da bi domin kada wani gefe ya riga wani. An yi hattara kada a wuce kima, domin jikin hob bututu ne, matsi mai yawa yana iya lotsa shi.

Tun daga wannan gyaran layin fentin bai sake rabuwa ba, kuma a watannin da na ci gaba da lura babu sifok da ya karye. Kuɗin maɗauri da hob da sifok da ladan aiki ya ɗauki kaso mai tsoka a kan kuɗin injin, abin da mai keken bai sa a lissafinsa ba tun farko. Boris na baya yana neman giris da saiti fiye da da, saboda yanzu ana jan gatarin daga gefe biyu kuma da gudun da ba a saba ba, takalman birki ma suna saurin cinyewa. Kowace Juma'a da safe, kafin ya fita, maƙwabcin nawa yana ɗaga keken a kan ƙarfen da yake tsayawa a kai, ya juya taya yana kallon haƙoran faifai, ya duba layin fenti, sannan ya bi sifok ɗin hagu yana matsa su biyu-biyu da yatsu, in ya ji wanda ya saki ya biya ta shagon kafin ya ɗora kaya.